Filasta da cingam ɗin nikotin da na yi amfani da su na bar sigari bayan na bar ƙwaya

Wata 14 kenan rabona da tiramol, sigari kuma wata 5, kuma tun da abokan da muke haɗuwa duk Asabar a zaman masu barin shaye-shaye suka lura na daina fita waje in kunna kara a tsakiyar zama suke ta tambayata wai me na sha, wane malami ne ya min rubutu, to ba rubutu bane kuma ba wani sirri bane, abu biyu ne na siya a kantin magani, filasta da ake mannawa a jiki da cingam mai nikotin a ciki, wato sinadarin nan na taba da ke sa jiki ya kasa barinta, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda na same su, daɗinsu da rashin daɗinsu, don wanda yake cikin halin da na fito ya san abin da zai tarar kafin ya zuba kuɗinsa, saboda gaskiya basu da arha ko kaɗan.

Ni gyaran waya nake yi a Farm Centre nan Kano. Sigari na fara sha ina ɗan shekara 17, daga baya kodin ya biyo, kwalba ɗaya a juye cikin lemo, da gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan binciken nan na BBC sai kuɗinsa ya tashi na koma tiramol kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi, kuma ba ɗan 50 ko ɗan 100 da likita ke rubutawa ba, ɗan 225 na bayan fage. Haka na yi shekaru har ranar da na yanke jiki na faɗi a shago ina jijjiga, na ciji harshena jini na zuba, kwastomomi na tsaye suna kallo. Yayana ne ya kai ni asibiti, sati 6 na yi a kwance a sashen masu shaye-shaye.

A wurin nan an raba mu da komai, ana caje jaka, ana gwada fitsari, amma sigari ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A ƙa'ida an hana, amma kowa ya san bayan banɗaki ana busawa, kuma ita ce kuɗin wurin, da kara biyu za a maka wanki, da kara ɗaya ka samu abokin hira na dare guda. Na shiga ina shan kamar kara 15 a rana, na fito da wata irin yunwarta da ban taɓa ji ba, cikin wata ɗaya na wuce kwali a rana, wani lokacin 25 wani lokacin har 30. A gida kuwa babu mai cewa uffan. Umma da a da ko warin ta ji a rigata sai ta yi kwana biyu bata amsa gaisuwata da kyau ba, yanzu da ƙanwata ta yi magana sai tace ku ƙyale shi, ba a haɗa gudu da susar takashi, ya bar babbar tukunna. Ni ma haka na yarda, ina ganin sigarin ce ma take riƙe da ni.

Abin da ya canza min tunani ya faru ne a wata na 7. Tiredar da nake siyan kara ita ce dai tiredar da nake zuwa tun da, bencin da nake zama in kunna shi ne dai bencin, yaran da ke wurin su ne dai yaran, kuma kullum sau uku sau huɗu ƙafata na kai ni can da sunan sigari kawai zan siya. Wani dare bayan mun yi rigima da wani kwastoma akan sikirin ɗin waya na je na zauna, na kunna ta farko na kunna ta biyu, wani ya miƙo min katin ƙwaya ba tare da na tambaya ba, wallahi sai da na karɓa na riƙe a hannuna ina jin ƙwayoyin ta cikin ledar, ban san minti nawa na yi a haka ba. Na ajiye a bencin na tashi, na taho gida jikina na rawa. A daren ne na gane duk lokacin da na zuƙi hayaki jikina jiran na biyun yake, don shekara da shekaru tare suke shiga, sigari tana sa ƙwayar ta hau, ƙwayar tana sa sigarin ta yi daɗi.

Washegari na shiga neman cingam ɗin da na taɓa ji ana faɗa. Nan ne matsala ta farko, samunsa. Kemis 6 na shiga a unguwarmu babu wanda ya ma san me nake nufi, wani ya ɗauko min alewar tari. Sai a wani babban kanti cikin gari na samu, yaron da ke kan kanta ya ɗauko kwali mai lamba 4, wato ƙarfin nikotin ɗin da ke ciki, ya faɗi kuɗi na biya, ban samu ko kalma ɗaya ta bayani ba, bai tambaye ni kara nawa nake sha ba, bai tambaye ni ko ina shan wani magani ba, kamar biskit na siya. Takardar da ke ciki kuma turanci ce zalla da ƙananan rubutu, ni da nake karanta turanci daidai gwargwado ma ban tsaya na bi ta ba balle wanda bai yi boko ba.

To sai na tauna shi kamar yadda kowa ke tauna cingam, cakal-cakal ina haɗiye yawu. Minti 5 ba a yi ba shaƙuwa ta kama ni, maƙogwaro kamar na haɗiyi barkono, ƙwarnafi ya taso, zuciyata na tashi, kaina na juyawa, ga muƙamuƙi ya gaji don cingam ɗin yana da tauri ba kamar na yara ba. Na daure kwana biyu a haka, rana ta uku na jefa kwalin a durowa na koma sigarina ina cewa abin nan yaudara ce. Da a lokacin na yi wannan rubutun da cewa zan yi kar kowa ya siya, kuma da na zalunci kayan, don ba laifinsa bane, rashin wanda zai nuna min ne.

Da ranar komawata asibiti ta zo na faɗa wa likitan da ke duba ni komai, har katin da na riƙe a hannu. Nace Likita ni tsorona kar in bar sigari abin ya min yawa in koma ruwa. Yace Malam wannan tsoron kusan kowa yana da shi har da wasu ma'aikatan lafiya, amma abin da aka gani a bincike ba haka yake ba. Ya bani labarin wani aiki da wata mai bincike a Amurka, Judith Prochaska, ta fitar da abokan aikinta a 2004, inda suka tattara gwaje-gwaje 19 da aka yi akan mutanen da ke jinyar shaye-shaye ko suke cikin murmurewa, aka ga waɗanda aka taimaka musu wajen barin sigari a lokacin jinya damarsu ta daɗewa ba su koma wa giya da ƙwaya ba ta ƙaru da kashi 25 cikin 100. Sannan ya faɗa min ɗayan da ya fi tsaya min a rai, na asibitin Mayo shi ma a Amurka, 1996, sun bi mutum 845 da aka taɓa kwantarwa saboda shaye-shaye, cikin waɗanda suka rasu kusan kashi 51 cututtukan taba ne suka kashe su, na giya kashi 34. Wato mutum ya sha wahalar barin abin da kowa ke zaginsa akai, iyali su yi murna, sannan abin da aka ce a ƙyale shi da shi ya zo ya kwantar da shi. Har Bill Wilson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa ƙungiyar nan ta masu barin giya a Amurka wadda irin zaman da muke yi ranar Asabar ya samo asali daga tsarinta, ya yi shekaru sama da 30 bai sha giya ba amma ciwon huhu na sigari ne ya yi ajalinsa a 1971.

Abin da ya burge ni da likitan bai ce min dole yau ba. Yace in zaɓi rana da kaina, in kuma ci gaba da zuwa zaman Asabar kar in fasa ko sau ɗaya. Na tambaye shi babu ƙwayar da ake sha, yace akwai, ɗaya ana ce mata bupropion amma ni ba zai bani ita ba sam tunda na taɓa jijjiga, don tana iya tayar da ita, kuma duk wanda tiramol ya taɓa kayarwa ya riƙe wannan da kyau kar wani ya siyo masa a kemis. Ya kuma duba magungunan da nake sha, yace hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone wasu magunguna da sauri, irin su olanzapine da clozapine da ake ba masu taɓin ƙwaƙwalwa, in mutum ya daina busawa maganin sai ya taru a jini ya fi ƙarfinsa ko da yana amfani da filasta, saboda ba nikotin ɗin ke jawo hakan ba hayaƙin ne. Ni bana shan su amma na san mutum biyu a zamanmu da ke sha, don haka dan Allah in kana kan irin waɗannan kar ka fara sai likitanka ya sani.

Ya rubuta min filasta da cingam tare, yace haɗa biyun ya fi amfani da ɗaya kaɗai.

Kanti na biyu da na je shi ne zan yaba. Wata mata ce mai harhaɗa magani, babba ce ta kai sa'ar yayarmu, da ta karanta takardar sai ta fito daga bayan kanta ta jawo min kujera. Tace Malam in ka tashi da safe minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko, nace Hajiya ko sallah ban yi ba nake kunnawa, tace kara nawa a rana, nace ya fi kwali. Tace to filasta mai lamba 21 zaka fara da ita tunda ka wuce kara 10, sati 6, sai ka sauko 14 sati 2, sai 7 sati 2, cingam kuma tunda ga filasta a jiki mai lamba 2 ya ishe ka, na lokacin da abin ya taso ne. Na bata labarin shaƙuwar da na sha, bata yi dariya ba, tace ai ba a tauna shi haka, ta nuna min da bakinta: ka tauna a hankali sau kaɗan har ka ji yaji-yaji, sai ka tura shi tsakanin kumatu da dasashi ka bar shi, in yajin ya lafa ka sake taunawa kaɗan ka mayar wani gefen, haka har kamar minti 30 sai ka tofar. Tace nikotin ɗin ta fatar baki yake shiga jini, wanda ka haɗiye ya tafi ciki asara ce kuma shi ke kawo shaƙuwa da ƙwarnafi. Minti 20 matar nan ta ɓata a kaina da kwastomomi na jira, ta rubuta min komai da Hausa a bayan kwalin, kuma bata ƙara ko kwabo akan kuɗin ba. Bata taɓa min kallon ɗan ƙwaya ba duk da takardar ta nuna daga sashen da na fito, wanda ya taɓa shiga irin halinmu ya san darajar wannan.

Filastar ita ce ginshiƙin abin. Wata 'yar leda ce kamar girman katin caji, ka ɓare ka manna a dantse ko ƙirji ko saman baya inda babu gashi, ka danna da tafin hannu na ɗan lokaci, shikenan har gobe. Bata baka wannan ɗan jirin daɗin da zuƙar farko ke bayarwa, don sigari cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 take kai nikotin ƙwaƙwalwa ita kuma filasta a hankali take tsiyayar da shi ta fata awa da awanni, kuma a ganina wannan ne amfaninta ga irinmu, babu hawa babu sauka, babu abin da jiki zai riƙa ɗoki akai. Ranar farko na zata bata aiki har sai da azahar ta yi na lura ban yi wa kowa tsawa ba, hannuna baya rawa akan allon waya, na iya ɗaga ƙananan sukurori da hantsaki lafiya lau. Wanda ya taɓa gwada bari da ƙarfin tuwo ya san kwana 3 na farko yadda suke, kai kamar an ɗaure da igiya, haushin kowa, ba barci. Da filasta zan ce an cire min fiye da rabin wannan, sha'awar tana zuwa amma bata kayar da ni.

Tana da nata matsalolin. Na fara a cikin sanyi fata a bushe, duk inda na manna sai ya yi ja ya yi ƙaiƙayi, wani lokacin shatin ya kwana biyu, sai da na riƙa canza wuri kullum, yau dantsen dama gobe na hagu jibi ƙirji, bana komawa wuri ɗaya sai bayan sati. Kar ka shafa mai a wurin kafin ka manna, ba zata kama ba, na yi asarar guda biyu a haka. Sai mafarkai. Wannan ya kamata a faɗa wa duk mai murmurewa tun kafin ya fara, don filastar awa 24 in ka kwana da ita tana kawo mafarki mai ƙarfi kamar a ido biyu, kuma ni mafarkin da na riƙa yi na ƙwaya ne, in ganni a bencin nan ina ɓare kati ina haɗiyewa, in farka cikin gumi ina kuka ina zaton na ɓata wata 9 ɗina. Dare uku a jere haka, na koma wurin Hajiya tace in riƙa cirewa in zan kwanta in manna sabuwa da asuba, mafarkin ya tafi, amma farashinsa shi ne safiya ta yi tsanani don jiki ya kwana babu komai, sai na riƙa ajiye cingam a gefen katifa ina idar da sallah in saka. Da zafin Kano ya fara shigowa kuma gumi ya riƙa ɗaga gefenta, musamman in na hau babur da rana, dole na siyo filastar ciwo ta asibiti ina bi ta gefe-gefe ina riƙe ta.

Cingam ɗin kuwa da na koyi tauna shi sai ya zama wani abu daban. Ɗanɗanonsa dai ba daɗi, an sa masa na'a-na'a amma ƙarƙashinta akwai wani ɗaci mai yaji da har na gama ban saba da shi ba, kuma yana manne wa haƙori, wanda ke da ciko ko haƙorin roba ya yi hattara. Amma in sha'awar ta taso, bayan cin abinci, ko waya ta ƙi gyaruwa, ko wani ya wuce da hayaƙi iska ta kawo min, in na saka shi cikin 'yan mintuna abin ke sauka, kuma ita sha'awar dama bata daɗewa, in ka tsallake mintunan farko wucewa take. Satin farko ina cin 8 zuwa 10 a rana, zuwa sati na 6 na dawo 4 ba tare da na tilasta wa kaina ba.

Akwai abin da Hajiya ta gaya min da ba don ita ba ba zan taɓa sani ba, abu mai tsami yana hana nikotin ɗin shiga ta baki, don haka minti 15 kafin ka saka da kuma lokacin da yake bakinka ba zoɓo, ba kunun tsamiya, ba lemon kwalba, ba lemon zaƙi, ruwa kawai. Na gwada da kaina wata rana bayan na sha zoɓo mai sanyi na saka, kamar roba na tauna. Sai kuma maganar shayi da goro. A sati na biyu gabana ya riƙa faɗuwa haka kawai, barci ya ƙi, na tsorata na zata filastar ce ta min yawa, ashe baƙin shayin da nake sha kofi huɗu biyar a rana ne da goron da na ƙara don bakina ya samu abin yi, wannan hantar dai da hayaƙi ke sawa ta ƙone magani da sauri haka take ƙone sinadarin da ke cikin shayi da goro, da hayaƙin ya tafi sai kofi biyu ya zama kamar huɗu. Na rage zuwa biyu, ban sha bayan la'asar, na bar goron, abin ya daidaita cikin kwana uku. Ga mai murmurewa rashin barci ba ƙaramin abu bane, yawancin waɗanda na sani da suka koma daga nan abin ya fara, mutum yace bari in sha rabi kawai in samu in runtsa.

Abin da kayan nan ba zasu maka ba shi ne hannu da ƙafa. Hannuna ya saba zuwa aljihun gaba ya laluba laita, ƙafata ta saba karkata wajen tireda. Na sa aswaki a aljihun da kwali ke zama, na cika durowar shago da aya da dabino, na canza layin da nake bi in koma gida duk da ya fi nisa, na daina zama wurin mai shayin da ake busawa na koma ina haɗawa a fulas daga gida. Na ƙara ƙiba, wanduna biyu sun matse ni, tari kuma ya ƙaru a satuttukan farko ina ta fitar da kaki mai duhu kafin ya lafa.

Rana ta 19 na zame. An yi rasuwa a layinmu, wani yaro da muka taso tare, shi ma abin nan ne, bayan an dawo daga maƙabarta wani ya kunna a gefena na karɓa na sha rabi da filasta a jikina. Kaina ya sara, bakina ya yi ɗaci, amma abin da ya fi damuna tunanin da ya biyo baya, wai tunda ka karya ai ka karya gaba ɗaya, wannan muryar na santa sarai ita ce ta mayar da ni tiramol sau biyu a baya. Na kira wanda yake jagorantar zamanmu a daren, da safe na biya wurin Hajiya na faɗa mata, tace Malam kar ka cire filastar kuma kar ka koma lissafi daga farko kamar komai ya rushe, kara rabi a kwana 19 da kara 25 kullum ba ɗaya bane, ka ci gaba daga inda kake. Daga ranar ban sake ba, daga ita nake ƙirga wata 5 ɗin.

Azumi ya same ni ina kan lamba 14. Cingam dai babu maganarsa da rana tunda ana haɗiyar yawunsa, filasta kuma na tambayi malamin masallacinmu yace shi a fahimtarsa abin da aka manna a fata bai karya azumi tunda ba ta baki ko hanci ya shiga ciki ba, kowa dai ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Lokacin shan ruwa ne gwajin, shekara 15 da wani abu ina buɗe baki da dabino da ruwa sannan in fita da gudu in kunna tun kafin a tada sallah, bana da yake kunun tsamiya ne a gidanmu sai na riƙa shan ruwa da dabino, in yi magariba, in saka cingam in gama da shi, sannan in dawo kan kunu. Karon farko kenan tun ina saurayi da na yi tarawihi gaba ɗaya ban fice a tsakiya ba.

Kuɗi ne inda abin ya fi ciwo. Duk kayan daga waje ake shigo da su, dala na motsi suna motsi, kwalin filasta na sati ɗaya sai da ya ci abin da ya fi kuɗin sigarina na sati biyu, kuma sigari kara-kara kake siya baka jin fitar kuɗin, wannan kuwa dunƙule zaka ajiye. Ba don Yaya ya ɗauki nauyin rabi ba da ban kai ƙarshe ba. Sau ɗaya lamba 14 ta yanke a kantin kwana 4 ana jira, na so in yanka mai 21 gida biyu Hajiya ta hana tace ba a yankawa, sai da ta buga waya wani kanti ta samo min. Abin yana bani takaici, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa filasta da cingam ɗin nan cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, taba na kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara a duniya, dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta ma hana sayar da sigari kara-kara amma duk lungu yaro zai miƙa canji a bashi, shi kuma maganin barinta sai ka zaga gari. Rahoton binciken 2018 ya nuna a lokacin mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, a cikin waɗanda na zauna da su a asibiti da wuya in tuna mutum uku da basa shan sigari, amma har aka sallame ni babu wanda ya taɓa ambata min cewa akwai irin wannan taimakon.

Da za a tambaye ni wanne za a siya in kuɗin ɗaya kawai ake da shi, ga mai shan kwali a rana filasta zan ce, ita ke riƙe yini, ga mai shan ƙasa da kara 10 kuma cingam zai iya isarsa in ya koyi tauna shi. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a jikin kwali, a ajiye nesa da yara har wadda aka cire a jiki a naɗe ta a jefar inda hannunsu ba zai kai ba don akwai sauran nikotin a cikinta, mai juna biyu da wanda bai daɗe da samun ciwon zuciya ba su fara ganin likita. Kuma a siya inda akwai mai harhaɗa magani da zai zauna da kai, ko da ya fi tsada da ɗan wani abu, kwalina na farko mai lamba 4 har yanzu yana durowa kusan a cike.

Filasta ta ƙarshe na cire ta a sati na 10, cingam ya bi ni har sati na 14 don na ji tsoron sakinsa, sai na riƙa musanya shi da na yara ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare. Kati ɗaya na bari a jakar kayan aikina, jiya na duba saura guda 7 kamar yadda na bar su wata biyu da suka wuce. Ranar Asabar ɗin nan zan raka mutum biyu daga zamanmu wurin Hajiya, ɗaya daga cikinsu yana shan olanzapine don haka sai da na sa ya fara karɓo takarda daga likitansa.